Zobe Uku a Hoton Ruƙayyatu

Ranar Laraba da hantsi Nwankwo ya faɗi a bakin shagonsa, maƙullai a hannu, ƙofa rabi a buɗe.

Malam Lauwali yana tsallaken hanya, zaune a kujerarsa ta roba a ƙofar gida, da littafi a cinya. Faɗin hanyar taku goma sha biyu ne. Ya san haka tun zamanin da yake ƙetara ta sau biyar a rana, amma shekara biyu da wata huɗu ke nan ƙafarsa ba ta taka ta ba. Da ya ji ƙarar faɗuwar sai ya naɗe kunnen shafin da yake karantawa, abin da ya yi shekara talatin da biyar yana dukan ɗalibai a kansa, ya tashi.

Atika, wadda take riƙe da aikin shagon tare da Nwankwo, ta yar da jakarta tana ihu.

"Malam! Malam, Oga ya hwaɗi! Wayyo Allah, ku taho!"

"Na gani, ba makaho ba ne ni. Je ki kirawo matarsa, Mama Obinna. Kai mai Keke, juyo nan."

Shi ya tallafi kan Nwankwo a cikin Keke Napep har asibiti. Bakin mutumin ya karkace gefe ɗaya, yawu yana zuba a kan rigar Malam. Suna wuce tasha ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon fuskar da take samansa.

"Tica," ya ce, harshensa da nauyi. "Ka ƙetaro."

"Yi shiru. Rabin bakin naka ma ya riga ka yin shirun."

Nwankwo ya yi wani abu mai kama da dariya, da rabin fuskar da ta rage masa.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce ya sauka a Bagudo da tafireta guda da injin hotokofi da aka ɗaure murfinsa da roba. Daga baya kwamfuta ta zo, sai injin buga bana, wato manyan ƙyallayen talla, sai injin yanka sitika mai ƙaramar wuƙa kamar bakin allura. Katin aure, kalandar makaranta, allon shago, rubutun da 'yan acaɓa suke mannawa a bayan babur, duk daga wannan ɗaki suke fita. Mutanen ƙasar Benin da suke shigowa ta kan iyaka a Lolo sukan kawo aiki, su ce da Faransanci suke so. Nwankwo kuwa Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Nan Malam Lauwali ya shigo, shi da ya koyar da Faransanci da Turanci a sakandare har ya yi ritaya. Nwankwo yakan ƙetaro da takarda, Malam ya sa jan biro ya yi mata kaca-kaca, ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya cancanci ɗauri." Daga nan su zauna su ci gyaɗa su yi gardama a kan gwamnati, a kan ƙwallo, a kan ko tuwon shinkafa abinci ne ko hukunci.

Duk Kirsimeti Malam ne yake yanka musu kaji, don kada a kawo masa nama ya ce bai san wanda ya yanka ba. Duk Babbar Sallah Ruƙayyatu, matar Malam, takan ware cinya guda ta ce ta Mama Obinna ce, kada wanda ya taɓa.

Allah bai ba su haihuwa ba, shi da Ruƙayyatu. Shekara talatin da huɗu suna zaune su biyu a gida mai ɗaki uku, yana karanta mata labarai tana gyara masa inda marubucin ya yi ƙarya. Da ta rasu sai ya koma kujerar roba. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya dai daina gyara wa mutane magana, kuma wannan ne ya tayar wa Nwankwo hankali.

"Tica, tashi. Zo ka koyi aiki."

"Ni za ka koyar?"

"Kai ɗin. Ka zauna nan kamar buhun gero, har awaki sun daina kauce maka."

Haka ya fara zama a gaban kwamfuta, yana riƙe maus kamar mai riƙe kunama. Nwankwo ya iya koyarwa, ko da yake Malam bai taɓa faɗa masa ba. Darasinsa na farko ga kowane sabon shiga ɗaya ne. Duk abin da ka zana a manhajar zane, akwati ne ko da'ira, abu biyu ne suke nuna shi: launin da yake cikinsa, da layin da ya kewaye shi. In babu launi a ciki, kuma babu layi a gefe, za ka ja maus ka saki, ka ga farin allo fes. Sai ka ce bai zanu ba, ka sake ja. Alhali ya zanu. Yana nan zaune, ido ne kawai ba ya ganinsa.

"Kamar aljani," in ji Nwankwo. "Kai ba ka ganinsa, shi yana nan. Injin yanka kuma ba shi da ido, Tica. Ba ruwansa da launi. Duk hanyar da ka ja, wuƙa za ta bi."

Maganin abin maɓalli ne guda, wanda Nwankwo yake kira ƙwarangwal. In ka danna shi launuka duk su ɓace, ya rage siraran layuka baƙaƙe, duk abin da aka taɓa ja a shafin ya fito fili, na gani da na ɓoye.

Ruƙayyatu ba ta son hoto. Guda ɗaya tak ta yarda aka ɗauke ta, a wani shagon hoto a Malanbil ta ƙasar Benin, shekarar da suka yi aure, baƙi da fari, ta ɗan juya kai kamar wani ya kira ta daga gefe. Kyankyaso ya cinye gefunan hoton. Malam ya sayo firam mai siffar ƙwai, yana so a yanke gefunan da suka lalace daidai da firam ɗin, yanka mai tsabta wanda almakashi ba zai iya ba.

"Bari mu sa shi a sikana, mu ajiye kwafinsa a kwamfuta tukuna," in ji Nwankwo. "Ko da wani abu ya faru."

"Matata ba za ta shiga kwamfuta ba. Shekara talatin da huɗu ba ta tsaya a kasuwa ba, ba yanzu za ta zauna a allon da kowane ɗan acaɓa yake leƙawa ba."

"To. Kawo in zana maka."

"Ni zan zana."

Ya auna da rula. Ya ja maus, ya saki. Ba komai a allo. Ya sake ja, ya ɗan faɗaɗa. Ba komai. Ya ja na uku. Nwankwo yana can yana sallamar wani mai katin suna, bayansa a juye. Sai Malam ya tuna, ya danna baƙin layi, ya ja na huɗu, siffar ƙwai ta fito kyakkyawa daidai da awo. Nwankwo ya dawo ya manna hoton a tabarmar injin, ya miƙo hannu zai danna ƙwarangwal. Malam ya ture hannun.

"Shekara talatin da biyar ina duba aikin mutane. Ba a duba nawa."

Wuƙar ta sauka. Ba a gefe ta fara ba. A tsakiyar fuska ta fara, ta zagaya ido da hanci, ta ɗaga, ta sake sauka ta zagaya goshi da haɓa, ta ɗaga, ta yi na uku ta ratsa ɗankwali da wuya. Kafin Nwankwo ya kai hannu ga soket ta gama. Fuskar Ruƙayyatu ta zama zobba, ɗaya a cikin ɗaya, kamar yankakkiyar albasa.

Akwai mutum shida a shagon ranar. A gabansu Malam Lauwali ya yi magana, kuma da yake mutum ne da ya karanta littattafai, bai yi ashar ba. Ya zaɓi kalmomi. Ya ce shekara kusan talatin garin nan yana ciyar da Nwankwo, abin da ya saka da shi ke nan. Ya ce laifinsa ne da ya manta cewa baƙo baƙo ne, komai daɗewarsa. Ya ɓamɓaro guntayen ya watsa su a ƙasa.

Nwankwo ya ce, "Yi haƙuri, Tica."

Zobe uku. Malam ya ƙirga su da idonsa. Kafin ya kai taku na goma sha biyu ya san hannun da ya ja su, da sau nawa ya ja. Ya shiga gida ya rufe ƙofa. Washegari ya yi niyyar komawa, sai ya ga akwai mutane a shagon. A kwana na biyu ya ga an yi ruwa. Mutum mai ilimi ba ya rasa dalili. Da Kirsimeti ta zo wani mahauci ne ya yanka kajin. Mama Obinna ta aiko da shinkafa duk da haka, ya ci, ya wanke kwanon, ya ba mai ƙosai ta mayar.

Bayan faɗuwar nan ta bakin shago an wuce da Nwankwo asibitin Birnin Kebbi, ya yi kwana tara, aka dawo da shi gida, ɗakin da yake bayan shagon. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi. Magana tana fita, amma sai an yi haƙuri da ita. Yanzu Malam yana ƙetara hanya kullum bayan azahar, ya zauna a kan benci kusa da gado, ya karanta masa jarida yana zagin waɗanda suka rubuta ta.

"Tica, ina da roƙo."

"In dai ba tuwon shinkafa za ka ce in yaba ba."

"'Yan ajin Asabar. Mutum huɗu ne. Atika aiki ya yi mata yawa, lokacin biki ne. Ka riƙe mini su."

"Ni? Wata biyu kawai na yi a gabanka."

"Darasi na farko kawai. Ka san shi." Ya ja numfashi. "Babu wanda ya san shi kamarka."

Malam ya dube shi da sauri. Ba komai a fuskar sai gajiya. Ko da akwai wani abu, yana ɓarin da ya shanye.

Ranar Asabar ya shiga shagon, karo na farko tun yinin da aka yanka hoton. Warin tawada da na janareta yana nan yadda ya bar shi. Abu ɗaya ne sabo: wani allo a bango, sama da kwamfutocin, da manyan haruffa ja.

KAFIN KA JA, DUBI LAUNI DA LAYI.
IN KA JA BA KA GANI BA, KADA KA SAKE JA. YANA NAN.
KAFIN WUƘA TA SAUKA, ƘWARANGWAL. KO AIKIN WAYE.

Ya karanta shi sau biyu. Babu kuskuren rubutu ko ɗaya, kuma wannan ya ƙara ɓata masa rai.

A cikin masu koyon akwai Haliru, mai shekara arba'in da wani abu, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗaukar kaya a babur tsakanin Lolo da ƙauyukan Benin har gwiwa ta ce ta gaji. Yatsunsa kamar rogo. Malam ya ce kowa ya zana akwati. Ya tsaya a bayan Haliru yana kallo.

"Malam, wanga maus ya mutu."

"Ya mutu?"

"Wallahi ina ta ja, ba ya yin komi. A canza min."

"Sau nawa ka ja?"

"Mi zan ƙirga, tunda ba ya yi?"

Malam ya miƙa yatsa ya danna ƙwarangwal. Allon ya cika da akwatuna, manya da ƙanana, wani a kan wani, har da wani siriri kamar tsinke. Haliru ya ja kujera baya.

"La'ilaha illallahu! Wa ya zuba su?"

"Aljanun Lolo. Goma sha ɗaya ne, na ƙirga maka. Da sitikar mutum ce a injin, yanzu ka mayar da ita taliya."

Sauran suka fashe da dariya. Malam ya sa shi ya goge su ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna musu ƙananan akwatuna biyu a gefen allo, na launi da na layi, da alamar da take fitowa a kansu in babu komai. Ya ce kafin hannu ya motsa ido ya je can. Ya ce in sun ja ba su ga abu ba, su janye abin da suka yi nan take, kada su ƙara wani a kai. Ya ji muryarsa ta aji ta dawo, wadda ya ɗauka an binne ta tare da Ruƙayyatu.

Haliru ya nuna allon bango da haɓa. "Wai wane mai tsautsayi ne ya sa Oga ya rubuta wagga doka?"

Atika tana can tana naɗe bana. Ita bayan wancan yini ta fara aiki a shagon. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Oga da kansa. Duk aji sai ya ba su labarin. Ya ce ya taɓa yanka hoton matar wani, hoto guda da mutumin ya mallaka, don bai danna ƙwarangwal ba. Ya ce tun daga ranar ko gwamna ya kawo aiki sai ya duba."

"Kai! Mutumin ya yahe mai?"

"Oga bai hwaɗi ba."

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Ku sake zana akwatin," ya ce.

Maganar ba ta da tsawo. Ya gwada ta a gida da Hausa, ya gwada da Turanci, har da Faransanci, ko za ta fi sauƙin fita a harshen da mai sauraron ba ya ji. Ranar Lahadi ya je da ita a baki, ya tarar da mutanen coci sun cika ɗakin suna waƙa. Ranar Litinin Nwankwo yana barci, baki a buɗe. Ranar Talata ya same shi a farke, shi kaɗai, an jingina shi da matashi, Mama Obinna ta fita awo.

"Yaya Haliru?"

"Jaki ne. Amma jakin da yake danna ƙwarangwal."

Nwankwo ya lumshe ido, ya ji daɗi.

"Nwankwo."

"Tica."

"Wancan yini. Hoton nan."

Idon ya buɗe. Yana jira. Fanka tana juyawa a hankali, a waje wani yana tallar kifin kogin Kwara. Malam ya kawar da kai. Idonsa ya sauka a kan wata takarda a teburin gefen gado, katin auren wasu mutanen Benin da Atika ta kawo wa Oga ya gani.

"Wa ya rubuta wannan?" ya ce. Ya ɗauki katin. "Kuskure uku a layi biyu. Haka kuke aika wa mutane aiki tun da na daina dubawa?"

Nwankwo ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya ce, "Haka, Tica. Gyara mana."

Ya ciro jan biro ya gyara. Da zai fita ya ce, "Gobe zan zo da wuri. Akwai magana."

"Ina nan. Ina zan je?"

Washegari, wajen ƙarfe goma, Malam yana aski a ƙarƙashin dogon yaro don ya je da fuska mai kyau, kukan Mama Obinna ya ƙetaro hanya. Wanzamin ya tsayar da aska. Malam ya ce, "Ƙarasa." Ba don komai ba sai don ya san gaggawa ta riga ta ƙare.

An kai gawar Birnin Kebbi aka ajiye, kafin 'ya'yansa su iso su tafi da shi garinsu a Anambara. Kwana biyar mutanen Bagudo suna shiga gidan, limamai da 'yan acaɓa da Fulanin da ya buga wa katin rigakafin shanu, har da wasu daga Benin. Malam ya zauna a ƙofa yana karɓar gaisuwa, don babu wanda ya fi shi sanin wa ke wa. Wani dattijo ya ce masa, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam, ka yi rashin ɗan'uwa." Ya ce amin.

Ranar tafiya da safe, an gama ɗaure kaya a kan mota, Mama Obinna ta ƙetaro ta same shi. Ta ba Atika maƙullan shago tun jiya. A hannunta akwai ambulan ruwan ƙasa.

"Tica, wannan naka ne. Yana cikin durowarsa. Sau da yawa na ce ya kawo maka, ya ce a'a, in ya kawo za ka ɗauka yana roƙon ka ne."

"Mene ne?"

"Ni ban iya magana yau ba. Ka duba." Ta share ido da bakin zane. "Ka ci abinci, ka ji? Atika za ta riƙa leƙo ka."

"Allah ya kai ku lafiya, Mama Obinna. Allah ya ba da haƙuri."

Motar ta tashi ta kama hanyar Koko. Ya tsaya har ta sha kwana, sa'an nan ya koma kujerar roba ya buɗe ambulan.

Ruƙayyatu ce. An tsince guntayen daga ƙasa, an jera su ɗaya a cikin ɗaya a kan farin kwali, an manna da gam, ido ya koma kusa da ido, haɓa ta koma ƙarƙashin baki. An yanke gefunan da kyankyaso ya ci, da hannu, da reza, siffar ƙwai daidai da firam ɗin da yake rataye ba komai a cikinsa a ɗakin Malam. Ta ɗan juya kai kamar wani ya kira ta daga gefe. Zobba ukun suna nan, sirara kamar farin zare, sai an karkata hoton ga rana ake ganinsu.

Ya juya bayan kwalin. Rubutun Nwankwo ne, da biro shuɗi, layi ɗaya.

Ba ta shiga kwamfuta ba.

A tsallaken hanya Atika tana kokawa da kwaɗon shagon. Haliru ya jingina babur yana jira. Malam Lauwali ya ɗora hoton a cinyarsa, a kan littafin da kunnen shafinsa yake naɗe tun waccan Larabar da Nwankwo ya faɗi, ya bi zobe na ciki da ɗan yatsa, sai na tsakiya, sai na waje.

"Ni na ja su, Nwankwo," ya ce a hankali. "Sau uku."